Auna Nisa Tsakanin Ɗigo Biyu: Darasin Lissafi Daga Ƙauyukan Anka Da Bukkuyum

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗaliban da suka zaɓi karatun ilimin halittu sukan ɗauka cewa sun yi ban kwana da lissafi tun ranar da suka bar makarantar sakandare. Ba a jimawa sai aikin fili ya nuna musu cewa ba haka abin yake ba. Duk mai nazarin yaɗuwar cuta, ko wuraren da sauro yake hayayyafa, ko yadda itatuwa suke tsirowa a dawa, tilas ne ya riƙa cin karo da tambaya guda: mene ne nisan wannan wuri daga wancan? Sau da yawa ba ya yiwuwa a ja igiya ko tef tsakanin wuraren biyu, domin akwai katanga, ko kududdufi, ko gidajen mutane a tsakani. A nan ne wata 'yar ƙa'idar lissafi take shigowa, wadda take ba mu damar sanin nisan ba tare da mun taka shi da ƙafa ba.

Wannan darasi zai bayyana ƙa'idar daki-daki: inda ta samo asali, yadda ake aiki da ita a kan taswirar ƙauye, da yadda ake amfani da ita a kan lambobin da na'urar GPS take bayarwa. Za mu ɗora bayanin a kan wani al'amari da ya faru a yammacin Jihar Zamfara, domin mai karatu ya ga cewa akwai lokacin da auna nisa yake zama batun rai da mutuwa.

Abin Da Ya Faru A Shekarar 2010

A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka lura agwaginsu suna ta mutuwa. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Daga baya sai yara ƙanana suka fara ciwon ciki da amai, suna shiɗewa, suna mutuwa. A watan Maris na wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF, waɗanda suke zagayen neman cutar sanƙarau, suka tarar da wannan mace-mace. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, na sanƙarau ma haka. Da aka auna jinin yaran sai aka gano gubar dalma ce.

Asalin matsalar shi ne tashin farashin zinariya a kasuwannin duniya, wanda ya sa jama'a suka duƙufa ga haƙar duwatsu masu ɗauke da ita. Wasu daga cikin duwatsun nan cike suke da dalma. Akan kwaso su daga ramukan haƙa a kawo cikin gari, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar da take tashi sai ta kwanta a ƙasa, inda yara suke rarrafe da wasa.

Masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin Nijeriya, sun bi gidaje 119 a ƙauyuka biyu. Sun samu cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma da ta kai ko ta haura maikirogiram 45 a kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita daga jiki. A wasu wurare, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka take amfani da shi a lokacin ga wuraren wasan yara kashi 400 ne. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu. Ƙauyukan da abin ya fi shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Bagega a yankin Anka, da kuma 'Yargalma da Tungar Guru a yankin Bukkuyum.

Dalilin da ya sa yara suka fi cutuwa sananne ne a ilimin halittu. Yaro yakan kai hannu baki a kai a kai, kuma hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Jiki yakan karɓi dalma kamar sinadarin kalsiyam, sai ta shiga ƙashi, ta hana haɗuwar jini yadda ya kamata, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar da take kan girma.

Ba magani a jiki kaɗai ake buƙata ba, domin idan aka yi wa yaro magani aka mayar da shi gidan da ƙasarsa take da guba, an yi aikin baban giwa. Saboda haka sai da aka bi gida-gida ana auna ƙasa, ana zana taswirar kowane ƙauye, ana kwashe saman ƙasar da ta gurɓata, ana zuba mai tsabta. Duk wanda zai yi irin wannan aiki yana buƙatar ya san matsayin kowane gida da kowace rijiya, da nisansu daga wuraren da aka sarrafa dutse. Wannan ne ya kawo mu ga darasinmu.

Yadda Ake Ba Ɗigo Adireshi

Mai karatu ya ɗauki takarda mai gida-gida, irin ta littafin lissafi. Ya ja layi guda a kwance, daga hagu zuwa dama. Ya ja wani a tsaye, ya ratsa na farkon ta yadda za su yi kusurwa mai digiri 90. Wurin da suka haɗu shi ne mafari, kuma daga nan ake fara kowane ƙirge. Masana lissafi suna kiran layin kwance da harafin x, layin tsaye kuma da harafin y. Idan taswira muke zanawa, sai mu ce layin kwance ya nufi gabas ta hannun dama, layin tsaye kuma ya nufi arewa ta sama.

Yanzu kowane ɗigo a kan takardar yana da adireshi mai lamba biyu, waɗanda za mu kira lambobin matsayi. Ta farko tana faɗin tafiyar da za a yi gabas daga mafari, ta biyu tana faɗin tafiyar da za a yi arewa. Idan aka rubuta (20, 30), ana nufin a yi mita 20 gabas, sannan a juya a yi mita 30 arewa. Idan wurin yana yamma da mafari, ko kudu da shi, sai a sa wa lambar alamar ragi. Ke nan (−40, 60) yana nufin mita 40 yamma, mita 60 arewa. Tsarin jera lambobin ba ya canzawa: ta kwance ce a gaba, ta tsaye a baya. Wanda ya musanya su ya koma wani wuri dabam.

Akan jingina wannan tsari ga masanin nan na ƙasar Faransa, Rene Dekat, saboda littafinsa na shekarar 1637 wanda ya haɗa ilimin zane da aljabara. Amma tunanin ba wuri adireshin lambobi ya girme shi da ƙarnoni. A ƙarni na tara, Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafin Suratul Ardi a Bagadaza, inda ya jera lambobin matsayi na garuruwa da duwatsu da koguna fiye da dubu biyu.

Daga Igiyar Magina Zuwa Ƙa'idar Nisa

Idan ɗigo biyu suna kan layin kwance guda, nisansu ba shi da wuya: debewa ce kawai. Daga (20, 30) zuwa (80, 30) mita 60 ne, domin 80 a debe 20 saura 60. Haka nan idan suna kan layin tsaye guda. Wahalar takan taso ne idan wuri na biyu yana gabas kuma yana arewa a lokaci guda, wato idan layin da ya haɗa su a karkace yake.

Magina sun daɗe da sanin maganin wannan. Idan magini yana son kusurwar ɗaki ta fita daidai, yakan auna ƙafa 3 a kan igiyar bango ɗaya, ya auna ƙafa 4 a kan ta ɗaya bangon, sannan ya auna tsakanin alamomin biyu. In ya samu ƙafa 5 cif, to kusurwar ta tsaya. Sirrin da ke cikin lambobin nan shi ne: 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 goma sha shida ne, tara da goma sha shida kuwa 25 ne, wato 5 sau 5. Ninka lamba da kanta shi ake kira murabba'in lambar. Dokar ita ce: a kowace alwatika mai kusurwar digiri 90, idan aka tara murabba'in gajerun ɓangarorin biyu, za a sami murabba'in dogon ɓangaren da yake fuskantar kusurwar.

Ana kiran wannan doka da sunan Fisagoras, masanin Girka na ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake mutanen Babila sun rubuta irin waɗannan lambobi a kan allunan yumɓu fiye da shekara dubu kafin zamaninsa. Iƙlidis ya kawo hujjarta a ƙarshen kashi na farko na shahararren littafinsa na ilimin zane.

Mai karatu yana iya tabbatar wa kansa da ita ta amfani da kwali da almakashi. Ya yanka alwatika huɗu masu girma ɗaya, kowace da kusurwar digiri 90. Ya kira gajerun ɓangarorin a da b, dogon kuma c. Ya zana murabba'i babba wanda tsawon kowane gefensa a da b ne a haɗe. Ya ajiye alwatika guda a kowace kusurwa ta babban murabba'in, suna bin juna kamar masu zagaye. Filin da ya rage a tsakiya murabba'i ne a karkace, mai gefe c. To sai ya kwashe su, ya haɗa su bibbiyu ta dogayen ɓangarorinsu, ya tura haɗi ɗaya zuwa kusurwar sama ta hagu, ɗayan zuwa kusurwar ƙasa ta dama. Filin da ya rage yanzu murabba'i biyu ne, ɗaya mai gefe a, ɗaya mai gefe b. Tun da babban murabba'in bai canza ba, alwatikan ma ba su ƙaru ba kuma ba su ragu ba, tilas ne filin da ya rage a karo na farko ya yi daidai da na karo na biyu. Ke nan a² + b² = c².

Abin da ya saura shi ne mu lura cewa duk ɗigo biyu a kan takardarmu suna ɓoye da irin wannan alwatika. Tafiyar gabas ita ce a, tafiyar arewa ita ce b, layin da ya haɗa ɗigon biyu kai tsaye shi ne c. Idan ɗigo na farko (x₁, y₁) ne, na biyu kuma (x₂, y₂), to:

nisa = √[(x₂ − x₁)² + (y₂ − y₁)²]

Alamar √ tana nufin tushen murabba'i, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke ƙarƙashin alamar. A taƙaice matakan huɗu ne: a debe lambobin kwance, a debe lambobin tsaye, a ninka kowace amsa da kanta a tara, sannan a fitar da tushe.

Gwaji A Kan Taswirar Ƙauye

Bari mu ƙaddara wani ƙauye, domin misali kawai, mu ɗauki ƙofar masallacinsa a matsayin mafari. An kafa injin niƙa dutse a (80, 110). Akwai rijiya a (20, 30), akwai wani gida a (−40, 60), akwai kuma makarantar allo a (50, 60). Duk ma'aunin da mita ne.

Mu fara da rijiya. Bambancin kwance: 80 − 20 = 60. Bambancin tsaye: 110 − 30 = 80. Murabba'insu 3,600 da 6,400. Jimla 10,000. Tushen 10,000 shi ne 100. Ke nan tsakanin inji da rijiya mita 100 ne. Mai lura zai ga cewa wannan ita ce alwatikar magini ta 3 da 4 da 5, an faɗaɗa ta sau ashirin.

Sai gidan da ke yamma da masallaci. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Bambancin kwance shi ne 80 − (−40), kuma debe lamba mai alamar ragi daidai yake da tarawa, saboda haka amsar 120 ce. Taswirar ma ta nuna haka, domin mutum zai yi mita 40 kafin ya zo daidai da masallaci, sannan ya ƙara 80. Bambancin tsaye: 110 − 60 = 50. Murabba'insu 14,400 da 2,500, jimla 16,900, tushensa 130. Wanda ya manta da alamar ragi zai sami 40 a madadin 120, ya ce nisan bai wuce mita 64 ba, wato rabin gaskiya.

Makarantar allo kuwa: bambancin kwance 30, na tsaye 50. Murabba'insu 900 da 2,500, jimla 3,400. Wannan lamba ba ta da cikakken tushe, kuma haka yawancin lambobin aikin fili suke. Idan babu na'urar lissafi a hannu, sai a yi kirdado: 58 sau 58 ya ba da 3,364, 59 sau 59 ya ba da 3,481. Ke nan amsar tana tsakanin 58 da 59, ta fi kusa da 58. Ga mai aikin lafiya, ya isa a ce kimanin mita 58.

Ba kome ba ne a fara debewa daga kowane ɗigo. Idan aka yi 20 − 80 za a sami −60, amma da zarar an ninka ta da kanta alamar ragin ta ɓace, an dawo 3,600. Nisa daga inji zuwa rijiya shi ne nisa daga rijiya zuwa inji.

Akwai wata dabara mai rage wahala. A ce shugaban aiki ya yanke cewa za a fara ɗibar ƙasar gwaji daga duk gidan da bai wuce mita 150 daga inji ba. Wannan adadi na misali ne kawai, ba iyakar tsira daga guba ba ne. Ba sai an fitar da tushe ga kowane gida ba. A ninka 150 da kanta, a sami 22,500. Duk gidan da jimlar murabba'ansa ba ta haura wannan ba, yana cikin da'irar. Rijiya da 10,000, gida da 16,900, makaranta da 3,400, duk sun shiga. Gidan da ke (200, −50) kuwa yana da bambancin 120 da 160, jimlar murabba'ansu 40,000, ya fita, domin nisansa mita 200 ne.

Daga Gummi Zuwa Anka

A yau ba lalle ne a auna lambobin matsayi da tef ba. Wayar salula mai GPS takan ba da su nan take, da kuskuren da yawanci bai wuce 'yan mitoci ba idan ana fili. Sai dai ba da mita take bayarwa ba, da digiri ne: digirin arewa, wanda ake ƙirgawa daga layin da ya raba duniya biyu, da digirin gabas, wanda ake ƙirgawa daga layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Kafin a sa su cikin ƙa'idarmu, wajibi ne a mayar da su kilomita.

Digiri ɗaya na arewa kimanin kilomita 111 ne a ko'ina a duniya. Digirin gabas kuwa ba shi da tsawo guda. Layukan da suka taso daga ƙuryar arewa ta duniya zuwa ta kudu kamar layukan jikin kabewa suke: sun fi buɗewa a tsakiya, suna matsewa yayin da suke nufar kan da gindin. A tsakiyar duniya digirin gabas kilomita 111 ne, a yankin Zamfara da ke wajen digiri 12 arewa kimanin 109 ne, a birnin Landan kuwa bai wuce 69 ba.

Garuruwan nan uku, in an taƙaita lambobinsu, ga yadda suke. Gummi tana kusan digiri 5.12 gabas, 12.14 arewa. Bukkuyum tana kusan 5.47 gabas, 12.13 arewa. Anka tana kusan 5.93 gabas, 12.11 arewa. Daga Gummi zuwa Anka bambancin gabas 0.81 ne, sau 109, ya ba da kilomita 88.3. Bambancin arewa 0.03 ne, sau 111, ya ba da kilomita 3.3. Murabba'insu kimanin 7,797 da 11, jimla 7,808, tushensa 88.4. Wato a miƙe, kamar yadda tsuntsu zai tashi, tsakanin Gummi da Anka kimanin kilomita 88 ne.

Abubuwa biyu ne abin lura. Na farko, kilomita 3.3 na kudu kusan ba su ƙara kome ba a kan nisan, domin murabba'i yana ƙara wa babbar lamba rinjaye a kan ƙarama. Garuruwan uku a jere suke daga yamma zuwa gabas. Na biyu, da mun yi amfani da 111 ga digirin gabas, da mun sami kusan kilomita 90, kuskuren da ya fi kilomita ɗaya da rabi.

Domin a ga alwatikar sosai, mu auna daga Anka zuwa birnin Sakkwato, wanda yake kusan digiri 5.24 gabas, 13.06 arewa. Bambancin gabas 0.69, wato kimanin kilomita 75. Bambancin arewa 0.95, wato kimanin kilomita 105. Murabba'insu 5,625 da 11,025, jimla 16,650, tushensa 129. Direban mota zai faɗi adadin da ya fi wannan, kuma shi ma gaskiya ya faɗa, domin hanya tana da kwana da zagaye.

Wannan ƙa'ida ta shimfiɗaɗɗen wuri ce, duniya kuwa ƙwallo ce. A cikin ƙauye ko a cikin jiha guda, lanƙwasar duniya ba ta kai ta ɓata lissafi ba. Amma wanda zai auna daga Anka zuwa Makka yana buƙatar lissafin alwatikar da aka zana a bayan ƙwallo. Irin wannan ne Abu Raihan Albiruni ya yi a littafin da ya kammala a shekarar 1025, inda ya bayyana yadda ake fitar da nisan garuruwa da kuma alƙiblar birnin Gazna daga lambobin matsayinsu.

Sanin Wurin Bugu

Ƙa'idar ba ta kuskure, amma ba ta san abin da muke nema ba. Duk ɗigo biyun da aka ba ta, nisansu za ta faɗa. Zaɓen ɗigon aikin mai bincike ne, kuma Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Da wani ya zauna a ofis a shekarar 2010 ya auna nisan kowane ƙauye daga ramukan haƙa, da ya yanke cewa ƙauyukan da suke nesa da ramukan suna cikin aminci. Da kuwa ya yi kuskure babba. A cikin buhu gubar ta yi tafiya, a bayan babur, har tsakar gida. Binciken da muka ambata ya nuna cewa kimanin biyu cikin uku na gidajen suna sarrafa dutsen ne a cikin gida. Ga yaron da ke rarrafe kusa da turmin, nisan da ya shafe shi bai kai mita biyar ba, ko da ramin yana can bayan tafiyar wuni. Wannan ne ya sa ɗaya daga cikin matakan farko da sarakuna da hukumomi suka ɗauka shi ne fitar da aikin sarrafa dutse zuwa bayan gari.

Tarihin likitanci yana da makamancin wannan. A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, ta kashe mutane fiye da 500 a cikin kwana goma. Wani likita mai suna John Snow ya sa alamar kowane mamaci a kan taswira, sai ya ga sun taru a kewayen famfon ruwa guda. Amma akwai wani gidan gajiyayyu dab da famfon, mai mutane 535, wanda biyar kawai suka mutu a cikinsa, domin suna da tasu rijiyar. Akwai kuma wata dattijuwa da ta rasu a wata unguwa mai nisa, ashe a kullum ana kai mata ruwan wannan famfo saboda tana son ɗanɗanonsa. Da likitan ya sake zana taswirarsa, sai ya auna nisan da hanyar da mutane suke takawa da ƙafa.

Saboda haka kafin a auna, a tambayi kai: ta wace hanya abin yake tafiya? Ƙura tana bin iska, tana tsallake katanga, don haka nisan miƙe ne ya shafe ta, haɗe da sashen da iskar take kaɗawa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Gidaje biyu suna iya zama mita 100 daga inji, amma ƙurar da ke sauka a kansu ba ɗaya ba ce. Ruwan wanke dutse yana bin gangare zuwa kududdufi. Yaro kuma lungu yake bi. A ƙauyenmu na misali, idan lungunan a miƙe suke gabas da arewa, yarinyar da za ta je rijiya daga wurin inji za ta taka mita 60 da mita 80, wato 140, alhali ƙura mita 100 kawai za ta yi. Kuma bayan duk wannan lissafi, gwajin ƙasa da na jini ne suke yanke hukunci. Aikin nisa shi ne ya nuna inda za a fara, idan ma'aikata kaɗan ne, gidaje kuma da yawa.

Kammalawa

An tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013. A 2015 irin wannan guba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage hanin a ƙarshen 2024. Matuƙar ana haƙa dutse ana niƙawa, za a ci gaba da buƙatar 'yan ƙasa da za su iya ɗaukar lambobin matsayi na inji da rijiya da makaranta, su lissafa, su kai wa mai gari da jami'in lafiya magana mai hujja. Kayan aikin ba su wuce takarda mai gida-gida da fensir da wayar salula ba.

Aikin Gwaji

1. Nemo nisa tsakanin (10, 20) da (34, 27).

2. Nemo nisa tsakanin (−15, −10) da (30, 50).

3. A ƙauyenmu na misali, akwai gida a (−20, 230). Ba tare da fitar da tushe ba, shin yana cikin da'irar mita 150 daga inji?

4. Yi amfani da lambobin da aka bayar a sama ka lissafa nisan miƙe tsakanin Bukkuyum da Anka.

Amsoshi: na farko, 25. Na biyu, 75. Na uku, a'a, domin jimlar murabba'ansa 24,400 ce, ta haura 22,500. Na huɗu, kimanin kilomita 50.